Ranar da Ƙanena Ya Ƙi Faɗuwa

Da ɗingishi aka haife ni, saboda haka ban taɓa shiga fagen kokawa ba, bakina ne ke shiga. Duk Gure an san muryata. Ba a yin kaye ban faɗi yadda aka yi ba, ko an tambaye ni ko ba a tambaye ni ba. Ƙanena kuwa shekara uku bayansa bai taɓa ƙasa ba, da shi nake taƙama.

A wata kaka, zamanin Turawa, kumandan da ke mulkin Gure da kansa ya sa a yi wasa, aka kira mutanen Kelle da Bune da Gidigir. Kowa ya san dalili, lokacin ɗibar soja ne, kuma wanda ya yi kaye shi za a ɗauka. Da safe Inna ta riƙe hannun ƙanena ta ce, "Ka faɗi. Faɗuwa ba mutuwa ba ce." Ya yi mata alkawari a gabana.

Ban taɓa ganin kokawar banza irin ta ranar ba. Ga sarjan a gefen kumandan yana duban ƙirjin samari kamar mai zaɓen ragon layya. Ɗan Bune da ɗan Gidigir suka yi ta zagaye, kowa na jira a taɓa shi ya zube, har na Bune ya dafa ƙasa ba wanda ya ture shi. Maƙerinmu, ƙaton da ke ɗaga uwar maƙera shi kaɗai, wani siriri ya kama masa ƙafa, sai ya kwanta abinsa. Siririn ya ci, amma ya tsaya kamar zai yi kuka. Makaɗa ma hannunsu ya mutu. Ni kuwa takaici kamar ya kashe ni, ko da yake na san dalili.

Bayan la'asar aka haɗa ƙanena da wani makiyayin Kelle. Suka kama, ƙanena ya fara sakin jiki, saura kaɗan gwiwarsa ta taɓa rairayi. Sai wani tsohon Kelle da ke kusa da ni ya yi dariya ya ce, "Kai mai ɗingishi, ashe duk gidanku ƙafa guda gare ku?"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na buɗe murya na yi wa ƙanena kirari: "Dutsen Gure, a kewaye ka! Wa ya taɓa ganin bayanka?"

Ya ji ni. Ya miƙe, ya sa hannu a ƙugun makiyayin, ya ɗaga shi sama ya tiƙa da ƙasa. Abin baƙin ciki, har yau ban ga kaye mai kyau irin wannan ba. Makiyayin ya tashi yana kakkaɓe jiki, ya ce masa a hankali, "Na gode." Sarjan ya nuna ƙanena da sanda.

Bayan kwana bakwai aka tafi da shi da sauran waɗanda aka ɗiba Damagaram a ƙasa. Bai zage ni ba, cewa kawai ya yi, "Yaya, ai kai ka kira ni." Bai dawo ba, ba mu kuma taɓa jin inda aka binne shi ba.

Ranar wasan na koma gida da ƙaryata a shirye, zan ce zuciya ce ta ɗebe shi. Na tarar da Inna tana tankaɗe, ba ta ko ɗaga kai ba.

"Kada ka wahalar da bakinka," in ji ta. "Tun daga nan na ji ka."