Kuri'ar Na'Allah Mai Awo

Na'Allah mai awon hatsi ne a kasuwar Dakoro, kuma shekara talatin ba a taɓa jin tiyarsa ta yi gardama da ta kowa ba. Shi ya sa bayan samun 'yancin kai, da aka kafa kwamitin mutum bakwai mai amincewa da waɗanda za a ɗauka aiki a lakwal, wato makarantar boko, aka sa shi a ciki. Bai iya karatu ba, amma aikin bai bukaci karatu ba. Sunaye su zo daga Maraɗi, daraktan lakwal ya karanta, dattawa su ɗaga hannu, a buga hatimi, kowa ya nemi takalminsa. Haka suka amince da gardi, da mai dafa wa 'yan makaranta abinci, har da wani mushe, wato malamin lakwal, da daga baya aka ji ya riga ya rasu.

Shekara ta biyu sai takarda ta zo da suna biyu a gurbi ɗaya na mushe, aka ce kwamiti ya zaɓa. Ɗaya Ango ne, ɗan ƙanen Alhaji Cindo, babban ɗan kasuwar hatsi kuma shugaban kwamitin. Ango ya ci jarrabawa a zama na uku, da kyar da jiɓin goshi. Ɗayan kuwa Jafaru ne, wanda ya fito na ɗaya a ajinsu a Maraɗi. Jafaru ɗan farin Na'Allah ne.

To, kowa ya san kunyar ɗan fari. Tun da aka yaye Jafaru aka kai shi Ɗan Gulbi wurin gwaggonsa, kuma Na'Allah bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai "wancan". Amma duk kaka shi ke ɗora buhun gero a jaki ya aika Ɗan Gulbi ba tare da saƙo ba. Yana son yaron nan kamar ransa, kuma babu abin da yake fata irin ya dawo Dakoro ya zauna, ko daga rumfar awo ya riƙa hango shi yana wucewa.

Da safen ranar zama, matarsa Saratu ta ajiye masa fura ta ce, "Malam, hannu ne kawai. Ka dubi ƙasa ka ɗaga shi, ba wanda zai ce ka yi rashin kunya."

Shi ma shirin da ya yi ke nan. Sai dai Alhaji Cindo ya riga shi shiri. Da aka zauna a biro, wato ofishin darakta, Alhaji ya gyara babbar rigarsa ya ce, "Jama'a, yau magana babba ce. Ɗaga hannu ba shi isa. Kowa shi tashi shi hwaɗi sunan wanda yake so, darakta shi rubuta."

Darakta baƙo ne daga ƙasashen bakin teku, mutumin kirki mai son tsari. Ya ji daɗin shawarar ƙwarai, har ya ce wannan shi ne ci gaba.

Uku suka ce Jafaru. Alhaji da mutum biyu da ke cin tuwo a zaurensa suka ce Ango. Saura Na'Allah. Ya miƙe ya ce, "Ni dai... wancan."

"Wanne, Malam?" in ji darakta, alƙalami a sama.

"Wancan ɗin dai. Kun san shi."

"Malam Na'Allah," in ji Alhaji da murya mai taushi, "takarda ba ta san wancan ba. Mi ne sunansa?"

Dattawan da suka zaɓi Jafaru suka sunkuyar da kai, don su ma da 'ya'yan farinsu, kuma ba wanda zai so a ji shi yana tura uba ga wannan abu. Na'Allah ya buɗe baki. Sunan yana nan a harshensa, shekara ashirin da biyu yana nan, amma ya ƙi fita. Ya koma ya zauna. Aka rubuta bai zaɓi kowa ba, kuma doka ta ce in aka yi kunnen doki, ɓangaren shugaba ke rinjaye.

Darakta kuwa abin ya taɓa zuciyarsa. Ya rubuta wa Maraɗi cewa ya ga dattijon da ya ƙi fifita ɗan cikinsa don kishin ƙasa. Bayan wata guda takardar yabo ta iso, aka karanta ta ranar kasuwa da ganga, mutane na ta miƙo masa hannu. Alhaji Cindo ne ya fi kowa tafi. Saratu ta karɓi takardar ta rufe bakin tulu da ita.

Jafaru bai yi ƙorafi ba, ya san gidan da ya fito. Ya hau motar gyaɗa ya tsallaka Nijeriya, ya samu aikin rubutu a wurin wani ɗan kasuwa, ya yi aure can. Na'Allah ya je tasha ranar, ya tsaya nesa yana duba buhunan da ba nasa ba har motar ta tashi.

Ya ƙara shekara goma sha ɗaya a kwamiti, yana amincewa da 'ya'yan mutane, yana faɗin sunayensu ɗaya bayan ɗaya ba gargada. Wasiƙa kan zo daga Nijeriya sau biyu a shekara, kuma mai karanta wa jama'a wasiƙa a unguwarsu Mushe Ango ne. Ango na bin layi da yatsa, yana tuntuɓe, yana komawa baya. Na'Allah bai taɓa gaggauta shi ba. In an kai ƙarshe, inda mai wasiƙa ya sa sunansa, sai tsohon ya karkato kunne ya ce, "Mushe, ban ji nan wurin ba. Sake hwaɗi."