Layin da Ba Ya Kan Allo

Shekara talatin da ɗaya Malama Babba ta yi tana koyar da aji biyu, a ɗaki guda mai taga uku da ƙofar da sai an ɗan ɗaga ta kafin ta rufu. Girman ba na jiki ba ne, don 'yar firit ce. Tsararrakinta ne duk suka yi ritaya suka bar mata sunan. Mahaifinta tela ne, burinsa ta yi aikin asibiti, amma ranar da ta fara ganin jini sai da aka yayyafa mata ruwa. Shi ke nan alli ya samu rabonsa.

Duk sabon malamin da aka kawo makarantar, wajenta hedimasta yake turawa, ita kuma ba ta rowar shawara. "Ka haddace sunayen yara a makon farko, ko da za ka manta naka," in ji ta. "In suka kaure da surutu ka rage murya, kada ka ɗaga, maƙogwaron nan shi ne abin aikinka. Wanda kuma ya nemi fita fitsari ka bar shi, in ka hana, kai za ka ɗauki tsumma."

Abin alfaharinta shi ne karatun murya ɗaya. Ta rubuta layi shida a allo, ta ɗora sandar nuni, yara sittin da biyu su ɗauka lokaci guda, har mai shagon bakin titi ya haddace darasin aji biyu kaf. In baƙi suka zo daga ofishin ilimi, ajinta ake fara kai su, su fita suna gyaɗa kai.

Saura mako goma ta ajiye aiki, yaran kuma su wuce aji uku, inda ba mai komawa da su kan baƙaƙe da wasula, sai kafaɗarta ta riƙe. Ta miƙa wa Malama Ƙarama alli, wata sabuwar malama da ke koyon aiki a hannunta, ta ce ta kwafe darasin jiya a allo. Garin sauri yarinyar ta tsallake layi na huɗu, wanda ke cewa akuya ta shiga lambu.

Malama Babba ta ɗora sanda, yara suka ɗauka. Da ta zo layi na huɗu, abin da ke rubuce shi ne "Baba ya kore ta", amma ajin gaba ɗaya ya amsa da ƙarfi, "Akuya ta shiga lambu!" Ta ci gaba da nunawa. Rubutun allo ya ƙare, yaran kuwa da sauran layi guda a bakinsu, suka rattaba shi tsaf, sandar tana kan baƙin allo inda babu ko ɗigo.

"Malama, ki yi haƙuri, ni ce na yi kuskure," in ji Malama Ƙarama, kamar ta nutse don kunya.

"Bar shi haka, 'yata, kada ki gyara," in ji ta. "Jawo mini kujera."

Ta rubuta kalmomi a guntayen takarda, ta riƙa kiran yaran ɗai-ɗai gaban teburinta. Kwana biyu aka yi ana wannan. Cikin sittin da biyu, tara ne suka iya karantawa. Wadda ta fi ba ta tausayi ita ce 'yar bencin gaba da ake wa laƙabi da Lasifika, saboda muryarta ce ke jan ajin. Da aka miƙa mata takarda ko kallonta ba ta yi ba, bakin Malama ta zuba wa ido tana jira a fara mata. Malama Babba ta ji kunyar da ba ta taɓa jin irinta ba, kuma ba yaran take jin wa ba.

Hedimasta mutumin kirki ne, sai dai ba ya son tashin hankali. "Haba Malama," ya ce, "mako nawa ya rage? Ki sauka da mutuncinki. Ga baƙi ma suna tafe."

"Yallaɓai, ka kai su wani ajin," ta ce. "Nawa ba ya karatu."

Daga ranar ta daina karatun murya ɗaya. Ita da Malama Ƙarama suka yayyanka kwalaye suka rubuta baƙaƙe da wasula, suka raba ajin gida tara, kowane gida da mai karatu guda. In ta tashi nuni a allo, sai ta faro daga ƙasa, ko ta faɗa tsakiya, don kada baki ya riga ido. Ajin ya koma sai ƙus-ƙus da "ba" da "bi", har mai shago ya aiko a tambaya ko Malama ba ta da lafiya. Baƙi suka zo, aka wuce da su ta gaban tagarta zuwa aji huɗu. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ta kuwa yi 'yar ƙwallarta a ɓoye, sannan ta koma kan kwalayenta.

Ranar raba sakamako, wadda ita ce ranarta ta ƙarshe, masu karatu sun kai talatin da huɗu. Sauran ta rubuta sunayensu da inda kowa ya tsaya, ta damƙa wa malamin aji uku hannu da hannu.

Can wajen azahar mahaifin Lasifika ya shigo da kayan aikinsa a kafaɗa. Kafinta ne, kuma ɗalibinta ne shekara ashirin da wani abu da suka wuce. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya karɓi katin 'yarsa, ya juya gaba ya juya baya.

"Malama, ki faɗa mini da baki kawai," ya ce yana murmushi. "Idona ya cika da garin katako."

Ta dube shi, ya kau da kai. Nan take ta gane.

Lasifika ta zare katin daga hannun ubanta, ta ɗora yatsa, da wata 'yar murya can ƙasa ta fara: "Ta... fa-ra... ka-ra-tu... da kan-ta."

"Ke kika karanta wannan?" in ji kafinta. Yarinyar ta gyaɗa kai.

"Ɗana, ka yafe mini," in ji Malama Babba. "Shekara guda ka yi a gabana ban taɓa kiranka kai kaɗai ba. Daga gobe ba ni da aji. Ka zo gida ranar Asabar da safe, ka taho da fensir."

"Malama, da gemuna?"

"Da gemunka."

Ya daɗe yana kallon katin a hannun 'yarsa, sannan ya ce, "Ƙarfe nawa?"