Direban Fitilun Ɗakin Karatuna

Da na dawo ƙauyenmu na arewa da Ɗanbatta don in zauna gaba ɗaya, abin da na kawo bai taka kara ya karya ba. Littattafai ne na Larabci da Faransanci da Turanci, sai ƙananan fitilun nan da ake binnewa a cikin silin. A wani ɗakin karatu na ƙasar waje na fara ganin irinsu, na ƙudurta a ƙarƙashinsu zan tsufa ina karatu. Aka sa min su a ɗakin littattafaina mai ƙaramar taga. Wutar sola suke sha, amma sai ta bi ta wani ɗan akwati a saman silin da ke rage mata ƙarfi. Masu gyaran wuta suna ce masa direba.

Wata shekara, bayan an cire gyaɗa, na ga ɗakin ya dushe. Shafi yana hannuna, amma kamar an barbaɗa toka a gefensa. Na tambayi mai ɗakina. Ta ɗaga kai ta dubi silin, ta ce lalle ba kamar da ba. Mai gyaran wuta ya hau ya sauko, ya ce tunda Baba ya ga haka, direban ne ya gaji.

Ranar kasuwa na ɗauki tsohon direban na tafi wani shagon kayan wuta a Ɗanbatta. Na san ƙa'idar: lambobin jikin sabo su zo daidai da na tsoho, in an saɓa fitilu su mutu. Mai shagon ne ya karanta min su, ina mitar masu ƙera kayan nan sun koma rubutu kamar ƙafar tururuwa. Ya ce gaskiya ne, Alhaji. Aka sa sabon, ba abin da ya sake. Na koma na karɓo wanda ya fi shi ƙarfi, shi ma haka. Har damina ta faɗi ina wannan zirga-zirga. A ƙarshe na nace sai an ba ni wanda ke tura wuta fiye da kima. Mai shagon ya miƙo min da hannu biyu.

Na zauna a garuruwan da mai sayar da burodi zai dube ka ya ce ka je ka ga likita, ba ko sannu. A lokacin rashin tarbiyya na ɗauke shi. A nan kuwa kara gare mu. Ba mai iya duban dattijo ya ce masa jikinsa ya fara gazawa.

Sai taubashiyata, 'yar ƙanwar mahaifina, wadda muke tsokanar juna tun muna yara. Ta zo gaisuwa da hantsi, ta leƙo ɗakin, ta kare fuska da mayafi.

"Kai tsoho, ƙyanƙyasar kaji ka fara? Wannan haske ai sai ya gasa mutum."

Na ce ita ce dai ta saba da aci-balbal, ɗakin nan duhu gare shi.

Ba ta yi dariya ba. Ta matso ta gefena ta ɗaga hannu, ta tambaye ni yatsu nawa. Muryarta na ji. Hannun ban gan shi ba sai da na juya kai.

"Ɗan'uwa," ta ce, "ba fitila ba ce."

A Kano likita ya ce hawan jinin ido ne. Abin da ya tafi ba ya dawowa, saura kuma sai dai a yi ta ɗiga magani don kada shi ma ya tafi. Ya tambayi yaushe na fara lura. Da na faɗa masa, ya sunkuyar da kai yana rubutu.

Na sa an mayar da tsohon direban, wanda dama lafiyarsa ƙalau. Direban ƙarshen nan ya riga ya ƙona wasu fitilun, ban sa an canja ba. Littattafan suna nan, ba wanda ke jin harsunansu a gidan sai ni. Kullum da safe nakan shiga in kunna, in tambayi mai ɗakina ko sun kama. Takan ce sun kama, har da haske sosai. Ban san ko gaskiya take faɗa min ba.