Alawar Barci a Gidan Inna

Shekarar da ƙanena ya zo hutu daga Kanada da iyalinsa, Inna ta kusa ɗaga garin Dungas da shiri. Jikoki biyu gare ta a can, namiji da mace, ba ta taɓa ganinsu ba sai a cikin salula. Burinta ɗaya ne, kuma duk wanda ya leƙo gidan sai ya ji shi: ta soya ƙosai ta ba su da hannunta, ta ga sun ci. Ni ina koyarwa a Magarya, aka kira ni in zo taryar manyan baƙi.

Manyan baƙi suka iso, suka kwanta. Da safe Inna ta dama kunu, ta soya ƙosai, ta zauna a ƙofar ɗakinsu. Kunu ya huce, ƙosai ya sandare, mata masu zuwa barka suka cika tsakar gida, jikoki suna ta sharar barci har azahar. In dare ya yi kuma idonsu biyu, suna tsalle a kan katifa. Ƙanena ya yi mana bayani da Faransanci, wai jikinsu bai iso ba tukuna, agogonsa yana can ƙetaren teku. Na ce Allah ya kawo shi lafiya, a wace mota ya taho?

Matarsa ta zo da maganin abin a jaka. Wata kwalba ce cike da 'yan abubuwa ja da rawaya masu taushi, sai ƙamshin lemo. Sunansa melatonin. Na tambaye ta ko ba ya cutar da yara. Ta ce likitansu ne ya yarda, ɗaya kafin kwanciya, na 'yan kwanaki kawai. Ni dai na jinjina wa masu hikimar da suka zauna suka yi wa magani kamannin alawa, suka barbaɗa masa sukari, sannan suka rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa a nisanta shi da yara. Duk wannan bayani ni aka yi wa. Inna, wa zai ɓata lokacinsa a kan tsohuwa?

Kwalbar kuma a kan tabarmar tsaraba aka bar ta, tsakanin sabulai da atamfofi. A wajenmu in baƙo ya sauka, yaran unguwa suna da rabonsu, gidan da ya hana su kuwa ya shiga bakin duniya. Ranar da muka tafi Guci gaida dangi, Inna ta ga an yi kwanaki ba a fitar da rabon yara ba, kunya ta kama ta. Murfin kwalbar an yi shi ne don ya gagari yara, bai gagari wuƙar Inna ba.

Mun dawo muka tarar da unguwa shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Yara suna gyangyaɗi a gindin darbejiya, iyaye suna murna an samu lafiya. Sai ga maƙwabciyarmu da gudu, ba mayafi, 'yarta da ba a daɗe da yayewa ba a kafaɗa, wuya ya langaɓe. Yarinyar ce 'yar gaban goshin Inna, shi ya sa aka cika mata hannu. Na wawuri kwalbar da Inna ta raba wa yara abin cikinta. Na karɓi yarinyar, muka hau kabu-kabu zuwa likita, wato asibitin garin.

Majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya juya kwalbar, ya duba numfashinta, ya ce galibi barci ne da tashin zuciya, amma a bar ta a gabansa. Ya ƙara da cewa magani ne, ko da an shafa masa zuma. Wajen magariba yarinya ta buɗe ido, ta yi amai, ta ce fura take so.

A gida ƙanena, wanda bai ga laifin wanda ya ajiye kwalbar ba, ya tsaya a gaban mutane ya ce, "Inna, don Allah kada ki ƙara ba yaro komai sai kin tambaya."

Inna ta ce, "To." Raina ya ɓaci ƙwarai, har yau ban huce ba. Daga ranar ta daina soya ƙosai da safe.

Agogon jikoki ya iso Dungas lafiya ranar da za su koma. Da sassafe suka fito ido garau, Inna tana gaban murhu tana soya musu guzuri. Namijin ya matso ya miƙa hannu.

Fuskarta ta washe. "Maigidana, yau ka tuna da ni?"

Ta ɗauki ƙosai ɗaya, ta hura masa iska, ta kai shi dab da tafin yaron. Sai ta tsaya. Matar da ta ciyar da mu duka, har da ƙanena mai digirin, ta waiwaya tana neman ɗanta a tsakar gida.

Ta ce, "A ba shi?"