Mai Lasar Abincin Kaji

Shekara goma sha tara Ba Kasonde ya yi yana kula da injin haɗa abincin kaji a masana'antarmu ta garin Kabwe, kuma bai taɓa yarda da allon kwamfuta ba. A nan "Ba" laƙabin girmamawa ne, kamar Malam. Aikinsa shi ne ya tabbatar masara da dusa da waken suya da gishiri kowanne na zubowa daidai kima. Duk rabin awa sai ya ɗebi garin ya lasa. Muna yi masa tsiya cewa saura ya fara ƙwai.

Wata safiya da damina ya lasa, ya sake lasa. Ya kashe injin.

Manajanmu Mweemba ya taso a fusace. "Ba Kasonde, allo ya nuna komai lafiya!"

"Allo ba shi da harshe, yallaɓai. Gishiri ya yi yawa."

Da aka buɗe rumbun dusa, ashe danshi ya sa ta cure ta toshe mazubin, gishiri kuwa bai fasa zuba ba. Irin wannan haɗin kashe 'yan tsaki yake yi.

Mweemba na ta yabonsa, shi kuwa ƙofa kawai yake kallo. Lasar ƙarfe tara ya tsallake don ya tsaya shan shayi, kuma a tsakanin nan mota ta fita da buhu arba'in. Aka kira direban, wayarsa a kashe.

Tun ranar ban sake ganin kofin shayi a hannunsa ba.