Turai da Tiyon Likita

Turai 'yar garin Maruta ce, tuwo take sayarwa a tashar motar Gwaram, kuma kowa ya san ta da ƙyanƙyami. Ko ƙuda ne ya faɗa kwano, sai ta zubar da miyar duka.

A shekarun da arzikin man fetur ya buɗe, ciwon ciki ya sa ta gaba. Ta sha kanwa, ta sha saiwoyi, har ta fara aman jini. Ƙanenta Barau ya kai ta asibiti a Birnin Kudu, daga can aka tura su babban asibitin birni, inda aka kawo sabuwar na'urar leƙa cikin mutum.

Tana zaune a benci aka turo wani dattijo a gado mai taya. An yi masa allurar barci, yawu na dalala cikin gemunsa, yana ta sambatu. Ta ƙofa kuma ta hango ma'aikaciya tana wanke wani dogon baƙin tiyo, yauƙi na bin sa. Turai ta ɗaga murya ta tambaye ta:

"Wannan abin za a zura mini a baki?"

"Da magani ake wanke shi, Inna," in ji ma'aikaciyar. "In an yi miki allura ba za ki ma san an yi ba."

"In kwanta ina dalalar da yawu gaban maza? Ba da ni ba. Ido biyu za a yi mini."

Likita ya lallashe ta, ta ƙi. Aka fesa mata magani mai ɗaci a maƙogwaro, aka sa mata roba tsakanin haƙora, tiyon ya shiga. Ta dinga kakari, hawaye da majina suka haɗe, iskar da ake hura mata tana dawowa da gyatsa mai tsami. Yawun da ta gudar wa ya jiƙe mata kallabi sharkaf, tana ji tana gani.

Gyambon ciki aka gano, magani kuma ya karɓe ta. Kallabin nan kuwa a bola ta jefa shi kafin su hau mota. Miyar kuɓewa ma daina dafa ta ta yi, don ko kallonta ba ta iyawa.

Bayan wasu shekaru aka ce za a yi wa Barau irin gwajin. Ta rako shi bakin tasha, ta yamutse fuska ta ce, "Ka karɓi allurar. Ƙazantar ba makawa, gara a yi ta kana barci."