Hanyar Ɗa'ifa da Zane Biyu

Ni ban taɓa ɓata a Mina ba, a tambayi kowa. Shekara tara ina mayar da alhazan da suka rasa tantinsu, har ta kai in na ga ƙeyar mutum na san layin da ya fito. Shi ya sa a unguwarmu ta Hindawiyya, cikin Makka, aka ɗauka na san duniya duka, ni kuma ban ga dalilin ƙaryata jama'a ba.

Wata Juma'a, a shekarun da ake fasa dutsen Kara don sabon titin Ɗa'ifa, wani direban kayan lambu ya kawo wa Kawu, ƙanin mahaifiyata, albishir. 'Yarsa tilo da ke aure a Ɗa'ifa ta haifi namiji, suna Juma'a mai zuwa. Jikan fari. Kawu ya yi murna, sannan ya tuna da hanya. Shekararsa talatin a Makka ba igama, wato takardar izinin zama, hanyar mota kuwa akwai askarawa masu tambayar takarda. Mutumin da ya tako daga ƙasar Kano har bakin Bahar Maliya, amma in ya hango hular askar sai ya sauya hanya.

Na ce, "Kawu, me ya yi zafi? Akwai tsohuwar hanyar jakai ta kan dutse. Kwana uku. Ni zan kai ka."

"Ka taɓa bin ta?"

"Haba Kawu. Ni ne fa."

A wannan hanya, iyakata Arfa. Amma ai ba abin da ya tambaya ke nan ba.

Ranar Asabar muka wuni a gahawa, wurin shan shayin unguwa, muna shiri. Na samo takardar buhun siminti na zana hanya da gawayi. Ranar farko mu wuce Arfa mu bi kwari har gindin dutse. Ta biyu mu hau. Ta uku mu shiga lambunan inabi muna taku irin na masu gari. Duk wanda ke gahawar ya ba da shawara, kuma babu ko ɗaya da ya taɓa zuwa. Mai shayi ne kawai ya ce mu nemi Balaraben ƙauye ya yi mana jagora.

Na ce, "A ɗauko wa ɗan jagora ɗan jagora? Zuba shayinka, malam."

Muka tanadi salka biyu ta ruwa, dabino, gurasa, da gishiri. Saura maganar askar, don an ce suna da tanti inda ake aikin titi. Nan basira ta sauko mini har na ji kaina ya yi nauyi.

"Kawu, a garin nan wa ka taɓa gani ya tare mai harami ya ce ina takarda? Baƙon Allah ne. Mu ɗaura harami."

"Harami ba niyya?"

"Zane biyu ne kawai, Kawu. Niyyarmu ta zuwa suna ce, Allah ya sani."

Ya dube ni ya ce, "To, ku ne 'yan zamani."

Da yamma Inna, matarsa, ta fito da bargo ta ce ta ji ana cewa can akwai sanyi. Na yi dariya har da riƙe ciki. "Inna, sanyi a Hijaz? A watan da ƙwai ke dahuwa a aljihu? Mayar da abinki, kada ki tona mana asiri."

Lahadi bayan asuba muka kama hanya fari fat. Muna wuce Arfa sai ga wani makiyayi ya bar awakinsa yana bin mu da gudu, yana ɗaga sanda.

"Ya Haj! Ya Haj! Makka na bayanku!"

Muka yi masa godiya, muka jira ya ɓace, muka ci gaba. Kafin la'asar mutum uku suka juya mu, ɗaya ma sai da ya raka mu baya mai nisa saboda neman lada. A duk lissafin da na yi a kan buhun siminti, abu ɗaya ne ban sa ba: mai harami Makka yake nufa. Tun da aka kafa dutsen nan ba a taɓa ganin mai harami yana gudun Makka ba sai mu.

Na ce, "Ka ga dabara na aiki, Kawu."

Ya ce, "Tana aiki. Baya take ja."

Muka ɗan hau kafin rana ta faɗi, muka kwana a wani lungun dutse. Da asuba na gane Inna waliyyiya ce. Haƙorana suna kaɗawa har Kawu ya ɗauka tasbihi nake. Muna salla gwaggon biri ya zo ya ɗauke gurasar, ko sauri bai yi ba. Hawan kuwa, hannu ɗaya a dutse, ɗaya a zane, don in ka saki wannan ka faɗi, in ka saki wancan ka gwammace ka faɗi.

Da hantsi hanyar jakai ta ɓullo daidai wurin aikin titi. Ga tanti, ga askar. Kawu ya ƙame.

Askar ɗin ya dube mu ya dafe kai. "La haula! Bayin Allah, kwana nawa kuna yawo a dutse?"

Bai tambayi takarda ba. Na zunguri Kawu. Askar ya zaunar da mu, ya ba mu shayi mai zafi, ya yafa wa Kawu rigar sanyinsa. Na buɗe baki zan ce masa Ɗa'ifa za mu, sai Kawu ya take mini ƙafa. Na fahimta. In na saki Larabcin 'yan Makka, alhaji baƙo ya ƙare, tambaya ta gaba igama ce. Haka na zauna ina gyaɗa kai ina "na'am, na'am", irin yadda alhazan da nake tsintowa a Mina ke yi mini.

Mutumin kirki ne, abin da ya cuce mu ke nan. Ya tsayar da motar tsakuwa, ya gargaɗi direba kada ya sauke mu ko'ina sai ƙofar babban Masallacin Makka. Tafiyar kwana ɗaya da rabi, motar nan ta warware ta kafin azahar. Direban ma ya roƙi mu sa shi a addu'a.

Aka sauke mu, ni da Kawu muka kama hanyar gida. Na gan shi dai yana ƙirga kwanaki da yatsu.

Talata da sassafe na je gidan Kawu da sabuwar dabara, mura ta toshe mini hanci. Inna ta ce, "Ya tafi tun asuba. Tsohuwar rigarsa, sanda, buta, da bargon nan da zai tona asiri. Ya ɗauki takardar simintinka ma."

Wannan ya ɗan sanyaya mini rai.

Bayan kwana goma ya dawo da kwandon rumman, yana ƙyalli. Ya isa Alhamis kafin magariba, da shi aka yanka rago, ya riƙe jikansa har hannunsa ya sage. Ba wanda ya juya shi. Askar ɗin nan ma ya ɗauka mai aikin lambu ne, ya ce ya gaida gida.

A gaban 'yan gahawa ya miƙo mini rumman ɗaya. "Na ɗan jagora."

Na ce, "Amma taswirata ta yi amfani, ko Kawu?"

"Ƙwarai. Da ita na hura wuta a kan dutse."

Har aka buɗe sabon titin, in na tashi zan bar gahawa, sai mai shayi ya ɗaga murya: "Ya Haj, Makka na bayanka!"